Shuɗɗan 'Yan Tsakin Zinariya

Inuwa ce ta fara giftawa a kan faifan da ke cinyar Zinariya, sannan kaza ta sa kururuwa. Ta wawuri muciya ta jefa sama, amma cikinta ya fara nauyi, kafin ta miƙe shirwa ta tashi, ɗan tsako yana reto a faratanta. Zinariya ta bi ta da ido har ta shige bayan duwatsun Garu.

Kazar nan ita ce duk abin da ta mallaka. Tun da dagaci ya ɗebi mijinta Jaji tare da waɗansu mazan Takur, aka tafi da su aikin hanyar jirgin da Nasara ke shimfiɗawa ta wajen Ringim, ta ƙudurta a ranta 'yan tsakin nan za su girma a musanya su da ɗan rago, don kada ranar suna ta zo babu abin yankawa. Ta kafa musu rumfa da zana, ta kewaye da ƙaya, ta ɗaura tsumma a kan sanda iska tana kaɗawa. Shirwa ta yi ta shawagi har ta gane tsumma tsumma ne.

Abin da ke kayar da Zinariya gyangyaɗi ne. Da rana ta take, iska ta tsaya, duwatsu su riƙa rawa cikin zafi kamar an sa su a ruwa, sai idonta ya lumshe. Nan take za ta ga kanta can sama, kan dabinai ya zama kamar tafin hannu, hanyar fatake ta zama zare. Ta yi ta tafiya arewa ba gajiya, har ta hango mutane ƙanana suna ɗauke da ƙarfe, ta yi ta neman mijinta, mai ɗan karkata wuya idan yana tafiya. Kullum tana gab da ganinsa kaza ke tashinta. Har ta kai ba ta san ko haushin shirwar take ji ba, ko ƙyashi.

Iya Laraba, gwaggon Jaji, ta leƙo ta kan danga ta ga gashin ɗan tsakon a ƙasa. Ta ce tana yarinya ta ga matan wani gari suna rina 'yan tsakinsu, wai shirwa ba ta gane abin da ya canza launi. Ba ta rantse ba, ta dai gani.

Zinariya ta kulle kaza a akurki, ta kwashe sauran 'yan tsakin a kwando ta nufi marina. Baba Arzika marini, wanda hannayensa suka zama shuɗɗa har gwiwa, ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce ya rina rigar hakimi, ya rina zanen amare, amma yau ne aka kawo masa kaya mai numfashi. Ya ƙi tsoma su a rijiyar baban rini, ya ce sanyi zai kashe su. Ya ɗebo ruwan a ɗan ƙoƙo, ya sa gashin zabo yana shafa musu a baya da fukafukai. Zinariya tana kallo, kowane ɗan tsako ya fara da kore kore, iska ta buge shi, a hankali ya juye shuɗi a tafin tsohon.

Wani ramammen mutum yana kwance a gindin tsamiyar marinar, rawani a fuskarsa. Da ya ji muryarta sai ya yaye. Ta daɗe tana dubansa kafin ta gane Idirisu ne, wanda aka ɗeba tare da mijinta. Da safen nan ya iso, ƙafafunsa duk sun tsage.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi fa?"

"Yana da rai," in ji Idirisu. "Ƙarfe ya faɗa masa a ƙafa, suka sallame shi. Yana zauren wani mai ɗori a Ringim. Ya ce kada a faɗa miki, sai ya iya takawa ya zo da kansa."

"Zai iya?"

Idirisu ya dubi ƙasa. Ya ce abincin zaure sai wanda aka tuna da shi, kuma ƙafa ba ta haɗewa da yunwa.

Ta ɗauki kwandonta ta kama hanya. Ba ta san yadda ta iso gida ba, ta dai tuna ƙanshin baban rini yana bin ta.

Da ta buɗe akurki ta juye 'yan tsakin, suka ruga wajen uwarsu. Kaza ta ja da baya, ta karkata kai ta dube su da ido ɗaya, ta juya ɗayan. Sai ta tayar da gashin wuya ta caki na farko. Zinariya ta kore ta, ta sake gwadawa, ta watsa tsaki don su ci tare. Kazar ta bi ta kansu ta tafi gindin rumbu tana kiran 'ya'yanta, su kuwa suna bayanta suna kuka.

Zinariya ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta tashi ta kama kazar, ta ɗaure mata ƙafa da kaba, ta cika ƙwarya da dabinon da ta ɓoye don jego. Ta kai wa Muntaka mai jakuna, wanda ke fataucin kanwa ta hanyar Ringim, ta roƙe shi ya karɓa ya ɗauko mata mijinta. Ya ɗaga kazar ya ji nauyinta, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai tashi da asuba, zai dawo da Jaji a kan jakin da ya fi tafiya a hankali.

Iya Laraba da ta ji, ta tambayi ragon suna. Zinariya ta ce, "Iya, gara a raɗa sunan uban yana zaune."

Da la'asar shirwa ta dawo. Ta kewaya gidan, ta sauko har ana ganin tsagar wutsiyarta, ta tsaya cak a iska tana leƙen abubuwa shuɗɗa da ke yawo a tsakar gida. Zinariya ba ta nemi muciya ba. Ta miƙe ƙafafu a tabarma, ta ɗan ɗaga gefen zanenta, ta yi irin ƙugin da kaza ke yi. 'Yan tsakin suka yi jim, sannan ɗaya ya taho, sauran suka biyo shi, suka shige suka lafe a jikinta da ɗuminsu. Daga ciki jaririn ya motsa, suka ɗan watse, suka sake matsowa.