Tsarabar Rauda Mai Ƙwaya Ɗari Biyar

Ranar jajiberin Babbar Sallah Malam Sada Safiyo ya dawo daga wurin aski bayan la'asar, ya tarar da kwali a buɗe a tsakar gida, yayarsa Shatu na zaune kusa da shi tana ninke leda. Duk Sallah sai ta zo daga Mashi ta yi masa girki na mako guda, tun da matarsa Murjanatu ta rasu.

"Saƙon 'yarka ne daga Abuja," in ji ta. "Munzali direba ya kawo. Ga shadda, ga turare, ga kuma takarda can ban san me ta ce ba."

Rauda ita ce 'yarsa ta fari, ita kaɗai ce kuma ta rayu. Saboda kunyar 'yar fari bai taɓa kama sunanta ba, Yarinya yake ce mata. Shekara uku ke nan ba ta taka Daura ba. Takan kira ran Juma'a, ina wuni Baba, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, shi ke nan ta ajiye.

Ya san dalili. Tun yana aikin awon filaye, aikin da ya jawo masa sunan Safiyo, ya kamu da wasan haɗa hoto, wanda ake yanka hoto gutsu-gutsu a kan kwali mutum ya zauna ya mayar da shi. A wurin masu gwanjo na Mai'adua yake sayowa, kuma da wuya ka sami cikakke, sai ya yanka kwalin sabulu ya shafa fenti ya cike gurbin. Ranar da abin ya faru, da azahar Murjanatu ta ce masa, "Malam, ƙirjina." Bai ɗago ba ya ce, "Bari in rufe wannan kusurwar." Minti goma sha biyar ya yi. A hanyar asibiti ta cika. Ranar sadakar uku da bakinsa ya gaya wa Rauda. Ta ɗaga teburin wasan ta kifar. Tun ranar teburin yake jingine a bayan ɗaki, fuskarsa na kallon bango.

Ya warware takardar.

"Baba, a nan akwai inda ake kai hoto a yanka shi. Ƙwaya ɗari biyar ne. Da gangan ban sa hoton a murfi ba. In ka haɗa, ka kira ni ka faɗa min abin da ka gani. Ba zan kira ba sai ka kira."

Ya karanta sau biyu. Ya duba cikin kwalin, ya ga wata farar jaka a yashe, ya ɗaga ta. Abin da ya rage a gindinta bai cika tafin hannu biyu ba.

"Yaya, ina sauran?"

"Wane saura? Au, tarkacen nan masu launi? Na raba."

"Kin me?"

"Na raba wa maƙwabta, tare da dabinon. Gida biyar, kowa cikin hannu biyu. Na ga na yara ne, gidan nan kuwa ina yaro?" Ta dube shi ta ga yadda fuskarsa ta koma. "Kai Sada, tsaraba ta shigo gida ranar jajibere a cinye shiru? So kake a ce 'ya'yan Malam Audi marowata ne?"

Abin da uwarsu ta koya musu ta yi. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado da jakar a cinyarsa. Zai iya kira yanzu ya ce ga abin da ya faru. To me za ta ji? Cewa wannan karon ma ya yi sakaci da abin da aka ba shi. In kuwa ya yi shiru, za ta ɗauka ya ga saƙon ya share, kiran Juma'ar ma ya tafi ke nan.

Kuma ta yaya dattijo irinsa zai tsaya a ƙofar gidan mutane yana roƙon a dawo da tsarabar da aka riga aka bayar? Shi da shekara uku da wuya ya wuce gida da masallaci.

Washegari ya je Idi ya dawo, aka yanka ragon, aka rataye. Yini guda yana jin hayaniyar yara a bayan katanga, kowace dariya sai ya ji kamar ƙwaya ɗaya ce ta faɗa kwata. Kashegarin Sallah da hantsi Shatu ta gama kasa nama a faranti biyar ta ce, "Bari in leƙa in samo wanda zai kai."

"Ni zan kai."

"Kai? Da furfurarka? Aiken yara ne fa."

"Ke kika ce gidan nan ina yaro."

Ya ɗauki farantin farko ya fita.

Badaru tela na zaune a zaure yana sakace. Da ya gan shi sai da ya miƙe.

"Safiyo! Ashe kana garin? Yau filin wa za a auna, da cinyar rago a hannu?"

Malam Sada ya gaishe shi, ya ajiye farantin, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Badaru ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya ga bai tanka ba sai ya tsaya.

"Na 'yarka ne?"

"Nata ne."

Badaru ya leƙa ciki ya ɗaga murya. "Hadiyya! Kwalayen nan na shekaranjiya, a tattaro su duka, har ƙarƙashin tabarma." Can sai ga hannu ya miƙo murfin kwano daga bayan labule, cike da ƙwayoyi, wasu da maiƙon suya a jiki.

A gidan Zakiyyu mahauci an sami yawanci a aljihunan kayan Sallah. Biyu akuya ta tauna gefensu. Zakiyyu ya ce, "Ka yi haƙuri Malam, ita ma Sallah take yi." A gida na uku sai da aka zazzage kwandon shara a gabansa, ya tsuguna da babbar rigarsa yana tsinta tsakanin toka da ɓawon albasa. Mutane na wucewa suna gaishe shi, yana amsawa bai ɗago ba.

Gida na huɗu na Nana ne, tsohuwa mai saƙar faifai, aminiyar Murjanatu. Ita da kanta ta fito, da gwangwanin madara a hannu.

"Ban ba kowa ba. Ina gani na ce Shatu ta yi ɓarna, wannan na Malam ne. Na so in aiko, sai na ce bari in ga ko zai fito." Ta miƙa masa. "Marigayiya ta sha ba ni labari. Wai takan sace ƙwaya ɗaya ta ƙulle a bakin zani, don in ka zo ƙarshe dole ka taso ka neme ta."

Ya tsaya riƙe da gwangwanin. Shekara nawa yana zagin masu gwanjo a kan ƙwayar ƙarshe, Murjanatu kuma kullum ita ke cewa ta tsinta a wajen shara.

"Ba ka sani ba?" in ji Nana.

"Ban sani ba."

"To. Ka gaida Shatu."

Gidan ƙarshe na Munzali direba ne, nan kuma aka sami matsala. 'Ya'yan ƙanwarsa ne suka karɓa, kuma tun safe sun koma Kongolam da uwarsu. Munzali ya ce ya bari sai ya yi lodi can ran Lahadi. Malam Sada bai koma gida ba. Daga nan ya tari mai babur.

Hanyar cike take da masu yawon Sallah, iska na kumbura masa riga. A Kongolam sai da ya tambayi mutum uku kafin ya gane gidan, a bayan layin manyan motocin da ke jiran tsallaka iyaka. Mai gidan ya yi zaton wani babban abu ne ya taso da dattijo tun daga Daura, ya shimfiɗa darduma, ya kawo ruwa. Da ya ji batun sai ya shiga ciki, ya daɗe. Ya fito da ƙulli a leda.

"Ga abin da ya samu, Baba. Wasu kam gaskiya maiɗakina ta hura wuta da su. Ta ce kwalin yana kamawa da kyau."

"Ba komai," in ji Malam Sada. "Allah ya saka."

Da ya dawo ana kiran la'asar. Bayan ya idar ya zagaya bayan ɗaki ya juyo da teburin. Gara ta ci ƙafa ɗaya, ya tokare da bulo. Shatu ta kawo tsumma ta goge masa saman.

Ya ƙirga. Ɗari huɗu da casa'in da uku.

Ya fara kamar yadda ya saba da fili: kusurwa huɗu tukuna, sannan iyaka, sannan ciki. Yatsunsa sun yi nauyi, ido ma ba kamar da ba. Rana ta farko iyakar kawai ya rufe. Ta biyu wata katanga ta fito, da inuwar bishiyar dalbejiya a kanta, ya ɗaga kai ya ga katangar a gabansa, ita ce dai, har tsagewar da ke kusa da randa. Tsakar gidansa ce. Daga nan ya daina jin kiran Shatu na cin abinci sai ta maimaita. Sau ɗaya ta ce, "Sada, tuwon zai huce," ya buɗe baki zai ce bari in rufe nan, sai maganar ta maƙale. Ya ajiye ƙwayar ya tashi a take.

Rana ta uku ya ga kansa. Wani mutum mai farar hula ya sunkuya a kan wannan teburin, bai san ana ɗaukarsa ba. A bayansa zani mai ruwan goro da ya sani sarai. Ya bi zanin ƙwaya-ƙwaya har ya kai ga hannu. Hannun na ɓoye a bayanta, an juyo shi wajen mai ɗaukar hoton, tsakanin yatsa biyu ga 'yar ƙwayar kwali. Ɗayan hannun an ɗaga shi zuwa baki, alamar a yi shiru.

Ƙwayoyi suka ƙare. Gurbi bakwai. Ɗaya a sama, biyu a katanga, ɗaya a rigarsa. Sauran ukun a jere suke, daga goshinta zuwa haɓa. Akwai ɗankwali, akwai kunne da ɗan kunne, akwai kan yatsan. Tsakaninsu katakon tebur ne.

Ranar Shatu ta koma Mashi. Ta tsaya a kan hoton da jakarta a hannu ta daɗe, ta ce, "Ka yafe min," ya ce ba ta yi komai ba. Gidan ya koma shiru irin nasa.

Washegari da safe ya samo kwalin sabulu da reza da tsohon gwangwanin fentinsa. Huɗun farko bai sha wuya ba, kafin azahar ya cike su, sai an matso za a gane. Ya yanka ukun, suka zauna daram. Ya ciro su, ya tsoma tsinke a fenti, ya tsaya. Ya rufe ido yana nemanta. Muryar ta zo, takunta ya zo, har ƙamshin man da take shafawa. Fuskar ta ƙi. Shekara talatin da huɗu suna gida ɗaya, yawanci kansa a sunkuye. Fentin ya bushe a bakin tsinken.

Ran nan Juma'a ce. Wayar ba ta yi ƙara ba. Da ya dawo daga masallaci ya zauna ya danna lambar da kansa.

"Baba?"

"Na haɗa."

Ya ji ta ja numfashi. "Me ka gani?"

"Na ga tsakar gida. Na ga wani wawa ya sunkuyar da kai. Na ga mahaifiyarki a bayansa ta sace masa ƙwaya." Ya dubi gurbin. "Fuskar ce babu."

Ya ba ta labarin duka, bai rage ba: rabon Shatu, akuyar Zakiyyu, murhun Kongolam. Wajen akuyar ya ji wani sauti, bai gane ko dariya ce ko kuka ba.

"Har Kongolam, Baba? A babur?"

"Na so in zana da kaina. Na kasa tuno ta. Gara ki ji daga bakina."



"A tsohuwar wayata na tsinci hoton," ta ce a hankali. "Na manta ma na ɗauka. Dariya take yi, Baba. Ni a tunanina wasan nan ya cuce ta ne kawai, sai na ga ashe tana ciki." Ta share murya. "Bari in tura wa Baba Badaru a wayarsa ya nuna maka."

"A'a."

"To a wanko a ba Munzali?"

"Rauda," ya ce. Sunan ya fito masa baƙo a baki. "Ki kawo."

Ya ji motoci na wucewa a can inda take.

"Hutun ya ƙare, Baba. Sai dai Juma'a mai zuwa, in na tashi aiki in kwana Kano."

"Teburin na nan."

Bayan ta ajiye ya ɗauki fararen ƙwayoyin uku ya zuba a gwangwanin Nana, ya bar gurbin a buɗe. Ya ɗauko zanen gado ya lulluɓe teburin saboda kaji, ya danne kusurwa huɗu da duwatsu. Sannan ya ja kujerarsa ya juya ta wajen ƙofar zaure ya zauna. Saura kwana bakwai.