Hannun Yaya a Kan Gwiwa

A layin masu gyaran waya, tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da caja, akwai wani ɗan lungu da ko akuya sai ta fita da baya. Nan ne ofishin Ba-Tsoro. Kwamfuta ɗaya, kujera mai ƙafa uku da rabi, da igiyoyin waya da suka fi gashin kansa yawa. Aikinsa tura wa mutane fim a waya, kuma in dai na tsoro kake nema, kar ka wahalar da takalminka zuwa wani wuri.

Shi ba ya tambayar wanne kake so. Kallonka zai yi sama da ƙasa kamar tela zai auna ka.

"Kai, wannan ƙirjin naka ba zai ɗauki mai aljanu ba. Karɓi mai ɗaga ƙafa, ka fara koyo."

Kashi uku ya kasa su. Akwai mai sa ka ɗaga ƙafa daga ƙasa, akwai mai sa ka shiga banɗaki ka bar ƙofa a buɗe, sai babban yayansu, mai sa tuba. Mai aski ya taɓa cika baki ya karɓi mai sa tuba. Sati guda yana yi wa mutane aski bai yarda ya haɗa ido da madubinsa ba.

Amma yanzu bakin nan ya rage gudu. Shagon dama na Yayansa ne, shi ya buɗe, shi ya koya masa aikin. Wata biyu da suka wuce mota ta buge Yaya a kan babur. Bayan kwana arba'in a asibiti aka sallamo shi gida, ido buɗe, ba magana, ba motsi. Likita ya ce su riƙa yi masa hira, su kunna masa abin da ya saba da shi, in ya amsa ko da da ɗan yatsa ne, su zo su faɗa.

"Abin da ya saba da shi?" in ji Ba-Tsoro. "Likita, ai ka shigo layina. Ka ba ni sati ɗaya."

Kullum da la'asar sai ya ja ƙofar shago ya nufi gidan Yaya da sabon fim a waya. Ɗakin na warin man zafi da sabulun wanki. Fanka na juyawa a hankali kamar an yi mata dole. Yaya na jingine da filo uku, ya rame har agogon hannunsa ya koma awarwaro aka cire. Ba-Tsoro zai jingina wayar a jikin kofi, ya ƙure murya.

"Yaya, yau na kawo maka na gasken. Mai caja ya kalli rabinsa jiya, da gemunsa da komai ya kira uwarsa a waya. Ka riƙe zanin gadon da kyau, ni ba ruwana."

Ƙofofi su yi ta ƙara, mata su yi ta ihu, abubuwa su yi ta rarrafowa ta silin. Shi Ba-Tsoro ba ya kallon wayar, fuskar Yaya yake kallo. Ko gira ba ta ɗagu ba. Sati ɗaya ya zama uku. Fim goma sha bakwai, duk masu sa tuba, duk sababbi fil.

Ranar na goma sha takwas, matar Yaya, wadda yake kira Anti, ta shigo da ruwan goge jiki ta ajiye bokitin da ƙarfi.

"Don girman Allah ka kashe abin nan. Ɗakin nan bai ishe ka tsoro ba?"

"Haba Anti, magani ne fa. Ni likitan wannan ɓangaren ne, satifiket ɗin ne kawai bai iso ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta matse tsumma ta fara goge wa mijinta wuya.

"Jibi Mama za ta turo mota a kai shi wurinta. Hutuna ya ƙare, dole in koma aiki, ba mai zama da shi. Ta ce tunda ba canji, gara ya kwanta a gabanta."

Gidan Mama, mahaifiyarsu, tafiyar yini guda ce.

Anti ta ɗago ta dube shi. "Wai kai, ka taɓa ganin Yayanka ya firgita da fim?"

"Ai shi jarumi ne irina."

"Jarumin me? Ko son su ba ya yi. Shi ya gaya mini da bakinsa. Tun kana ƙarami kake nacin kallo, kuma in ka tsorata sai ka yi kwana uku ba ka cin abinci. Shi ya sa kowane fim sai ya riga ka kallo shi kaɗai, don ya san inda abin zai fito."

Sai ga lokacin nan ya dawo masa, kamar an kunna fitila a kansa. Benci a shago, su biyu a zaune, abokai a tsaye a baya. Hannun Yaya a kan gwiwarsa. In an kusa wurin, sai hannun ya ɗan matse, shi kuma ya sauke ido kamar yana duba farce. Kowa ya zabura, shi yana zaune daram. Haka aka sa masa Ba-Tsoro. Ashe sunan ma aron hannu ne. Daga baya ya koyi gane wurin da kansa, daga kiɗa, daga shirun da ke zuwa kafin ihu, har ya manta wa ya fara nuna masa.

Shi kuma ya kwaso sababbi goma sha bakwai, waɗanda Yaya bai taɓa gani ba. To ina zai san inda zai matsa?

Washegari ko shago bai buɗe wa kowa ba. Mai aski ya leƙo yana tsokana, "Yau aljanun sun tafi yajin aiki ne?" Ba-Tsoro ya tono tsohuwar ma'ajiyar fina-finan Yaya daga ƙasan tebur, ya hure ƙura, ya lalubo wanda suka fi kallo tare. Wani tsohon fim ne mai dishi-dishi, na wata tela da keken ɗinkinta ke taka kansa. Ko a mai ɗaga ƙafa ba zai shiga ba. Fatalwar ciki kana gani ka san hoda aka zazzaga mata.

Rana tsaka ya isa. Anti na ninke kayan tafiya a cikin jaka. Ya zauna a bakin gado, ya ɗauki hannun Yaya, mara nauyi kamar fankon kwali, ya ɗora a kan gwiwarsa.

"Yaya, yau ni ne baƙo. Na manta inda take fitowa, wallahi. Ka yi aikinka."

Ƙarya yake, ya sani sarai. Keken ya fara taka kansa. Telar ta ajiye almakashi. Ta sunkuya za ta leƙa ƙarƙashin tebur. Nan ne. Duk hankalinsa ya tattara a gwiwa, yana jira, yana jira, har ya manta da wayar.

Hannun bai motsa ba. Fuskar mai hoda ta faɗo cikin allon da ƙara.

"Wayyo Allah!"

Ba-Tsoro ne. Ya zabura har kofin ya kife, zuciyarsa na dukan haƙarƙari. Anti ta saki rigar da ke hannunta. Shi da ya sa rabin layi tuba, ga shi yana haki a kan fatalwar hoda, idonsa ya kawo ruwa, kuma ya san ba fim ɗin ba ne.

A cikin hakin ne ya ji. Babban yatsa, a gefen gwiwa. Ya ɗan danna, kaɗan, kamar mai taɓa tumatir a kasuwa. Ya saki.

"Anti! Ya matsa! Wallahi ya matsa!"

Ta zo da sauri ta duba hannun. Yana nan kwance yadda yake. Fuskar Yaya na kallon bango.

"Likita ya ce jijiya takan harba da kanta," ta faɗa a hankali. "Kuma motar Mama tana nan zuwa gobe, ka sani."

"Na sani."

Ya share hanci da bayan hannu, ya tayar da kofin, ya jingina wayar.

"Ka makara, Yaya," ya ce. "Sai da ta cinye ni sannan ka tuna. Wannan wane irin aiki ne? Sake."

Ya mayar da fim ɗin baya, daidai inda telar ta ajiye almakashi. Anti ta ture jakar kayan gefe, ta durƙusa a gaban gadon. Ba ta kalli wayar ba, hannun ta zuba wa ido.