Masai Mai Kallon Gabas

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Alhaji Tambari mai hatsi ya tashi gina sabon gida a Ƙauran Namoda. Shekara ashirin ina yi masa gini, amma sai ya ɗauko wani Hafizu, wai shi akitek, mai zanen gini, gilashi a ido, takarda a hammata.

Hafizu ya shimfiɗa zanensa, ya ce gida ba tarin bulo ba ne, tunani ne, ni nawa bin layi.

Na bi layin da yatsa har makewayi, na ce, "Malam Hafizu, masan nan gabas yake kallo. A shekarar ga kake son Alhaji ya tsuguna yana fuskantar alƙibla?"

Alhaji ya dafe ƙirji yana salati. Hafizu ya yi wuf ya juya takardar.

Na ce, "Yanzu kuma ya ba ta baya, shi ma an hana."

Ya sake karkata ta. Masai ya dubi arewa, amma ƙofar gida ta faɗa turken awakin Hajiya, matar Alhaji. Na ce a gyara makewayin kawai, ya rantse ba mai taɓa masa layi. Hajiya ma ta ce akuya ko ɗaya ba ta matsawa.

Haka na gina. Har yau in na ga baƙo yana kankare takalmi a ƙofar Alhaji, nakan ce, "Yi haƙuri, Malam, tunani ka taka."