Ragowar Yadi

Su huɗu ne a gidan: Baba tela, Mama, Yaya da Auta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Likita suka rasa. Tun Yaya yana ƙarami Baba yake kiransa Dokta a gaban masu kawo ɗinki, amma da sakamakon jarrabawa ya fito, makinsa bai kai ba. Sai ya shiga kwalejin horar da malamai.

Baba bai yi faɗa ba, zolaya ya mai da abin. In Yaya ya shigo shago gaisuwa, sai ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya ce, "Malam ke nan! In yadi bai isa riga ba, ai sai a yi hula." Mama ta ce, "Kai dai, Baban yara!" Yaya ya yi murmushi. Auta kuwa ta fi kowa dariya.

Da lokacin gwajin koyarwa ya zo, aka tura Yaya makarantar su Auta, aka kuma ba shi ajinsu. Wata safiya malamarsa ta kwaleji ta zo duba aikinsa, ita ce za ta ba shi maki. Ta zauna a bencin baya. Darasin sana'o'i ake yi, komai na tafiya daidai, sai wani yaro ya ɗaga hannu.

"Malam, kai me ya sa ka zaɓi malanta?"

Kafin Yaya ya buɗe baki Auta ta miƙe, cike da murnar ta san amsa.

"Ba zaɓa ya yi ba! Likita ya so, ya faɗi. Baba ya ce in yadi bai isa riga ba, sai a yi hula!"

Aji ya fashe da dariya. Wani daga gefen taga ya ce, "Malam Hula!" Yaya ya juya ga allo, ya yi ta goge wurin da babu rubutu. Da ƙyar ya ƙarasa darasin, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Da aka fita hutun tara, Auta ta koma ɗauko gorar ruwanta. A bakin ƙofa ta ji malamar tana tambaya a hankali, "Gaskiya ƙanwarka ta faɗa?"

"Gaskiya ce, Malama."

"Yanzu fa?"

Yaya ya ce, "Yanzu ina son aikin. In yaro ya gane abu, fuskarsa takan canza, ina son ganin haka. Sai dai a gida ban san ta inda zan fara faɗa ba."

"To gobe zan dawo. Ka amsa wa yaron nan tambayarsa da bakinka."

Auta ta bar gorar ta juya.

Da aka tashi, ita da Yaya suka biya ta shago tare. Baba na ganinsu ya ce, "Malam ke nan! Yaya kasuwar huluna?"

Yaya ya yi murmushin da ya saba. Wannan karon Auta fuskarsa ta kalla, ta ga murmushin a leɓe kawai ya tsaya. Ta sunkuyar da kai, ta shiga tsince zaren da ya zube a ƙasa.

"Ke kuma yau lafiya?" in ji Baba.

Ta ci gaba da tsince zaren. Ranar ta gane cewa duk dariyar da suke yi a shagon nan, Yaya bai taɓa yin ta tare da su ba.