Katin Sunan Muhaimin

Injin da ke ƙuryar maɗaba'ar Idrisa a unguwar Roumdé Adjia, mahaifinsa, Malum Abdelkerim, ne ya shigo da shi ta jirgin ruwa, wata damina da kogin Binuwai ya cika ya batse. Da buga takardun awon auduga na mutanen garin Pitowa ya fara. Yanzu aiki duk ya koma kwamfuta, a hannun Fauziya, 'yar Idrisa. Abu ɗaya ya rage wa tsohon injin: duk jaririn da aka haifa a gidan, da liman ya raɗa suna, sai maigida ya jera haruffan dalma da hannunsa, ya buga kati tun baƙi ba su watse ba.

Bana idon Idrisa ya yi rauni, ga jika ya zo. Bai faɗa wa kowa ba, amma tsoro yake kada al'adar ta mutu a hannunsa.

Da hantsi aka ce yaro ya ci suna Muhaimin. Jama'a suka biyo shi shago.

"Baba, ka bari in fitar a kwamfuta," in ji Fauziya a hankali. "Minti biyu ne."

"Uwata, matso min da akwatin haruffan kawai."

Matarsa Hadje Haoua ta leƙo. "Malam, jiya fa buhun takarda ka tsaya kana yi wa ina gajiya!"

Aka kwashe da dariya, har da shi.

Ya sunkuya kan akwatin. Haruffan duk sun zama hazo. Sai ya rufe idon gaba ɗaya. Hannu ya tafi da kansa, gurbi bayan gurbi, babban yatsa na laluben tsagar da ke jikin kowane harafi don kada ya kife shi. Ya ɗaure haruffan a injin, ya shafa tawada. Da ya zo taka injin, gwiwa ta ce ba da ita ba.

Fauziya ta ɗaure gyale a ƙugu, ta taka. Ƙarfe ya yi ƙara, kati ya fito.

Idrisa ya miƙa wa Hadje. "To, mai ido, karanta mana."

Ta duba, ta sake dubawa, da gangan take jan rai.

"Muhaimin," ta ce. "Ko ɗaya bai kife ba, tsohon nan!"

Guɗa ta tashi har bakin titi. Idrisa ya share fuska, ya bar zanen tawada a kumatu.

"Taka, uwata, mutane na jira."