Abin da Bakanike Ya Kai Ofis

A cikin takalmin ɗansa Bakanike ya tsinci ƙunshin. Ya ɗauko takalmin zai kai wa mai gyara, sai ga takarda a murɗe ta faɗo. Ya warware, ya shinshina. Wanda ya shekara talatin a gareji ba sai an gaya masa warin wiwi ba.

Dama wata biyu ke nan ɗan nasa, Dogo, ba ya cin abincin kirki, ga tari, ga dariya shi kaɗai a ɗaki. Kuma direba ne a wani kamfanin rarraba kaya, aikin da ya shekara uku yana nema.

"Baban Dogo, kar ka dake shi," in ji matarsa.

"Ƙato mai gemu zan daka? Magani nake nema. Amma in na je asibiti suka kira 'yan sanda fa?"

"Ka tambayi Yaya. Shi ya yi boko."

Yaya wanta ne, shugaban masu gadin kamfanin, shi ya tsaya wa Dogo aka ɗauke shi. Bakanike ya kira shi a waya ya zayyane masa komai.

Yaya ya ce, "Ai ka zo gidan sauƙi, suruki. Muna da lauya, muna da nas, duk kyauta. Ka zo gobe da safe."

Maganar gaskiya, Yaya bai ce masa ya taho da abin ba. Amma bakanike ba ya zuwa shagon kayan gyara da baki kawai. In ƙarfe ya lalace, kwance shi kake yi, ka naɗe a tsumma, ka dire gaban mai shago ya gani da idonsa. Haka ya yi. Washegari ya shiga ofishin lauyan mai sanyi, ya warware tsumma mai baƙin mai a kan teburin gilashi.

"Ranka ya daɗe, tambaya biyu na kawo. Me doka ta ce a kan wannan, kuma wane likita ke raba mutum da shi?"

Lauyan bai taɓa ƙunshin ba, da biro ya ture shi gefe. Ya tambayi lambar motar da Dogo ke ja, da tun yaushe aka ga canji. Bakanike ya amsa tiryan-tiryan, lauya yana rubutawa. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya.

Aka miƙo takarda. Bakanike ya sa yatsa ya fara haɗa baƙi.

"Kai dai sa hannu, ƙa'ida ce," in ji Yaya.

Ya sa. "To, yaushe yaron zai ga likita?"

Lauya ya cire tabarau. "Baba, ba a gaya maka ba? Ni lauyan kamfani ne, kamfani nake karewa. Mai shan wannan ba zai riƙe mana sitiyari ba. Yau za a karɓi makulli."

Bakanike ya juya a hankali. "Yaya, ka san da haka?"

"Ni na tsaya masa. Ranar da ya kwashe mutane a titi, wa za a fara kamawa? Saura shekara biyu in yi ritaya."

"Ɗan ƙanwarka ne fa."

"Shi ya sa ban kira 'yan sanda ba. Godiya ya kamata ka yi min."

A kan matakala nas ɗin kamfanin ta cim masa, wata dattijuwa mai farin takalmi. Ta rage murya.

"Baba, ka kai shi babban asibiti, ka tambayi sashen masu shaye-shaye. Likita ba mai gidansa ba ne. Maganar doka kuwa, ka nemi ofishin lauyoyin da ke taimakon marasa ƙarfi, ka samu wanda zai zama naka. Kuma don Allah kar ka ƙara yawo da abin nan a aljihu."

"Ina ma jiya na gamu da ke," in ji shi.

Kafin azahar Dogo ya dawo gida. Bai yi ihu ba. Ya ajiye kwafin takardar a kan tabarma, ya nuna ƙasanta.

"Baba, wannan hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Da ka tambaye ni, ai da na gaya maka."

Uwar ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Bayan kwana huɗu suka je asibitin. Dogo bai yi gardama ba. A benci ya bar wurin zaman mutum biyu tsakaninsu. Da layi ya zo kansa, mai rubuta kati ta ɗago ta dubi Bakanike da ke tsaye a bayansa, hula a hannu.

"Tare kuke? Wa ya kawo ka?"

"Ni na kawo kaina," in ji Dogo.

Ta rubuta. Bakanike ya koma benci ya zauna.