Yawun Nimir

Ranar da aka sauko da karen daga mota a gidan Haj Mahmud da ke Omdurman, Labaran ya san ya shiga uku. Baƙi ne wuluk, baki kullum a wangame, yawu na dalala kamar famfon da ya lalace. Wai sunansa Nimir, kuma har takardun asibiti gare shi, abin da Labaran kansa bai da shi.

Shekara biyu Labaran ya yi yana tsayuwa a bakin titin unguwarsu ta Mayo yana jiran mai ɗaukar lebura. Sai Haj Mahmud, babban ɗan kasuwa a Kasuwar Libiya da ke nan Omdurman, ya tuna iyayensu sun tsinci auduga tare a Jazira, ya ɗauke shi ban ruwan shuke-shuke. To, masu kuɗi ba sa rasa tsirfa. Bana kuma harbin agwagin daji ne ya shiga ran Haj.

"Ya Labaran, abu uku nake so ka koya wa karen nan, bas," in ji Haj. "In bindiga ta tashi, ya zauna sai an aike shi. In ya ɗauko, kada ya tauna. In ya kawo, ya sa maka a hannu. Ka ga wata uku ya rage sanyi ya shigo. In ya iya, kana nan tare da mu. In bai iya ba, ma'alesh, sai haƙuri, zan nemo wanda ya san aikin."

"Tamam, ya Haj," in ji Labaran.

Kayan horon ma abin amai ne. Tsumma ne aka dunƙule, aka ɗaure masa fukafukan agwagwa da suka fara ɗoyi. Labaran zai jefa shi cikin kwatamin ruwan lambu, ya daka tsawa, "Zauna!" Kare zai zauna yana rawar jiki, sai an ce "Je ka!" ya faɗa ruwa. Gaskiya dai, dabbar na da kai. Cikin sati uku ko murfin tukunya aka buga a kunnensa ba ya motsi, kuma ko ƙwai aka ba shi zai kawo bai fasa ba.

Na ukun ne ya gagara, kuma laifin ba na kare ba ne. Ran farko da Nimir ya tura masa tsumman a tafin hannu, da ɗumi, da yauƙi, har wani zare na yawu ya bi masa tsakanin yatsu, Labaran ya ji kamar ya yanke hannun ya yar. Ya wanke da ƙasa, ya wanke da sabulu, ya sake da ƙasa, amma da ya zauna cin tuwo sai ya ji warin na tasowa daga lomar. Hannun da zai yi alwala da shi! Hannun da zai miƙa wa mutane a masallaci!

Sai ya yi dabara. Ya samo tsumagiya. Duk lokacin da kare ya matso da baki, ya shauɗa masa a hanci. In ya tsaya taku uku nesa ya ajiye a ƙasa, ya jefa masa guntun burodi. Sannan ya sa sanda ya jawo tsumman ta igiyarsa. Haj na kasuwa tun safe har magariba, wa zai gani? A ransa ya ce, ƙasa da hannu ai duk ɗaya ne, tunda abin ya iso.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da sanyi ya shigo, suka ɗauki hanya da asuba zuwa bakin Farin Nilu wajen Jabal Awliya, Haj da abokinsa Abdu a gaba, Labaran da kare a bayan mota. Bakin ruwan duk taɓo ne mai warin ruɓaɓɓen kifi.

Agwagi suka taso, bindiga ta tashi, ɗaya ta faɗo can tsakiyar ruwa. Nimir ko gezau.

"Ma sha Allah!" in ji Abdu.

"Je ka!" in ji Labaran.

Kare ya yi iyo ya ɗauko ta. A fiffike harsashin ya same ta, tana da ranta sarai, tana zare ido a bakinsa. Haj ya zaro wuƙa don a yanka ta da wuri. Nimir ya fito, ya tsaya taku uku daga Labaran, ya ajiye ta a ƙasa cikin ladabi, ya zauna yana jiran burodi. Agwagwa ta ga banza ta faɗi, ta ruga cikin ciyawar ruwa, ta nutse. Tsumma dai bai taɓa gudu ba.

"Shunu da?" Haj ya tambaya. "Me ya faru?"

"Baƙon wuri ne, ya Haj."

Ta biyu ma da rai ta zo. Wannan karon Haj da kansa ya tako, ya miƙa hannu. Nimir na ganin hannu ya nufo bakinsa, sai ya runtse ido, ya kau da hanci, ya ja da baya, ya saki agwagwar a bakin ruwa. Abdu ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

Haj bai yi dariya ba. Ya dubi karen, ya dubi Labaran. "Dukansa ka yi."

Labaran ya durƙusa cikin taɓon nan mai wari, ya buɗe tafukan hannunsa biyu. A lokacin ko lasar fuskarsa karen ya yi, zai gode. "Nimir, zo. Ta'al, don Allah, zo." Kare ya kaɗa wutsiya, ya zauna daram a inda yake.

"Halas," in ji Haj. Ya jefa masa igiyar karen. "Ni ba ni da amfani da shi yanzu. Kai ka lalata shi, sai ka tafi da abinka. Gobe ba sai ka zo ba."

A kwanar Kalakla aka sauke su. Duk motar hayar da ya tsayar, kwandasta na hango kare sai ya tofar da yawu ya buga ƙofa. Labaran ya kwance wa kare igiyar, ya jefe shi da dutse, ya zage shi da Hausa, ya zage shi da Larabci. Kare ya biyo shi. Haka suka taka har Mayo cikin rana, taɓo ya bushe masa a gwiwa yana tashi.

Matarsa Indo na shara a ƙofar gida. Ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, wannan ƙazantar ba za ta shigar mini gida ba! Na Haj ne? Yaushe za ka mayar masa?"

"Zauna," Labaran ya ce wa kare.

Kare ya zauna. Labaran ya dubi ƙofar, ya dubi Indo da ke jiran amsa. Sai shi ma ya nemi gindin katanga ya zauna.